Lissafin da ke Ƙarƙashin Rawar Katun

Agogon coci ya buga sha biyun dare, jemagu suka watse daga hasumiya, wani kare ya ɗaga kai sama yana kuka, kyanwoyi biyu baƙaƙe suna faɗa a kan duwatsun kabari. Can sai ga ƙwarangwal ya miƙe daga bayan dutse, kyanwoyin suka ranta a na kare. Kafin ka ankara ƙwarangwal sun zama huɗu, sun jeru, sun kama rawa. Ɗaya ya zare ƙasusuwan cinyar ɗan'uwansa, ya durƙusar da shi, ya mai da gadon bayansa abin kiɗa, yana bi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da nata amon. Wani ya cafko kyanwa, ya miƙe wutsiyarta ta zama tsirkiya yana gogawa. Da zakara ya yi cara sai suka ruɗe, suka yi karo da juna, ƙasusuwa suka cakuɗe suka zama wata halitta guda mai ƙafafu barkatai, ta ruga cikin kabari.

Wannan shi ne The Skeleton Dance na kamfanin Walt Disney, wanda ya fito a 1929, kuma bai cika minti shida ba. Babu wani labari a cikinsa da za ka zauna ka ba wani. Ba wanda ya furta ko kalma ɗaya, ba launi sai baƙi da fari. Amma ka kunna wa yaro shi yau, za ka ga kafaɗarsa ta fara motsi tun bai san abin da yake kallo ba. Dalili kuwa shi ne babu ƙashi ɗaya a fim ɗin da ya taɓa ƙasa a banza. Kowane taku a kan bugun kiɗa yake sauka, daidai wa daida. Abin da ido ke ɗauka shiririta ce, a teburin Ub Iwerks, wanda ya zana kusan duka fim ɗin da hannunsa, ƙirga ce mai tsanani.

Kafin sauti ya shiga jikin fim, gidajen sinima na Amurka ba shiru suke ba. Akan ajiye mai piyano ko mai babban ogan a gaban allo, yana kallo yana kiɗa, in an yi gudu ya hanzarta, in an yi kuka ya sassauta. Ɗaya daga cikinsu shi ne Carl Stalling, wanda ke kiɗa a sinimar Isis ta birnin Kansas, inda ya san Disney tun yana matashi mai fafutuka. A Oktoban 1927 kamfanin Warner ya fitar da The Jazz Singer, aka ji ɗan wasa yana waƙa daga cikin allo, kasuwar fim ta juye. Ba Disney ne ya fara haɗa katun da sauti ba, duk da haka ake yawan faɗa. Max Fleischer da ƙaninsa Dave sun riga shi da shekaru. Tun 1924 suke yin gajerun finafinan waƙa inda wata 'yar ƙwallo ke tsalle a kan kalmomi tana nuna wa 'yan kallo inda za su rera, wasu daga ciki da sautin na'urar Lee de Forest. Paul Terry ma ya fitar da Dinner Time mai sauti makonni kaɗan kafin Disney. Sai dai a yawancin waɗannan, sautin bin hoton yake a baya-baya, kamar an yafa masa shi bayan an gama.

A farkon 1928 Disney na cikin tsaka mai wuya. An ƙwace masa Oswald, zomon da yake ci da shi, an kuma janye yawancin masu zanensa. Shi da Iwerks suka ƙirƙiro ɓera, Mickey, suka yi masa finafinai biyu marasa sauti, ba wanda ya taya. Na ukun, Steamboat Willie, suka ce da sauti za a yi shi tun daga tushe. To amma ta yaya mutumin da ke zane a kan takarda yau zai san inda ganga za ta faɗi a kiɗan da ba za a ɗauka ba sai bayan wata biyu?

Amsar daga wani sabon yaron shago ta fito, Wilfred Jackson, wanda mahaifiyarsa malamar piyano ce. A gidansu akwai metironom, 'yar na'urar nan mai hannu guda da ke lilo hagu da dama tana ƙas-ƙas don ɗalibi ya riƙe saurin kiɗa. Disney ya san cewa fim mai sauti hoto 24 yake wucewa ta gaban fitila a kowace daƙiƙa, ba ragi ba ƙari. Jackson kuma ya san cewa metironom ba ya ƙarya. Da aka haɗa sanin biyu sai hanya ta buɗe. Idan kiɗa yana bugu biyu a daƙiƙa, wato 120 a minti, to kowane bugu hoto 12 ne. Idan aka sassauta zuwa 90 a minti, bugu ya zama hoto 16. Idan gudu ake so, 180 a minti, hoto 8 ke nan. Da zarar an mai da bugu ya zama adadin hotuna, mai zane ba ya buƙatar jin kiɗan. Ƙirga kawai zai yi.

Wani dare a watan Yulin shekarar suka gwada. Aka rataya zanin gado a matsayin allo, Roy, yayan Walt, ya haska rabin fim ɗin daga waje ta taga don kada ƙarar injin ta dame su, aka zaunar da matansu su zama 'yan kallo. A bayan zanin, Jackson na busa hamonika, Iwerks na dukan tukwane, Walt na yin muryoyi. Abin ya zauna. Amma da aka je New York ɗaukar sautin na gaske a watan Satumba, sai aka sha ƙasa. Jagoran makaɗan, Carl Edouarde, gogagge ne a kiɗan sinima, ya ɗauka idonsa ya isa ya bi hoto, makaɗa suka riƙa baro zanen a baya. Kuɗi suka tafi a iska. Sai da aka sayar da motar Walt aka biya zama na biyu, kuma a wannan karon an sa wata alama mai tsalle a jikin fim ɗin tana nuna wa jagoran kowane bugu. Ranar 18 ga Nuwamba, 1928, aka nuna shi a sinimar Colony.

Wurin da ya fi nuna abin da aka gano shi ne inda akuya ta cinye takardar waƙar Minnie, budurwar Mickey, da ɗan abin kiɗanta. Maimakon a yi jimami, sai aka buɗe bakin akuyar, aka kama wutsiyarta ana juyawa kamar hannun garmaho, waƙar da ta haɗiye ta fara fitowa. Daga nan duk abin da ke cikin jirgin ruwan da labarin ke faruwa a kai ya zama kayan kiɗa: tukwane, allon wanki, wuyan agwagwa, wutsiyoyin 'ya'yan alade, har haƙoran saniya. Akwai mugunta ga dabbobi a wurin, ba a ɓoye take ba, shi ya sa aka daɗe ana nuna fim ɗin da yanke wani sashe. Amma dabarar da ke ciki ita ce ta riƙe sana'ar tsawon shekara goma: duniyar katun duniya ce da komai na cikinta yake da amo, jira kawai yake a taɓa shi.

Yadda aikin yake a hannu ya cancanci a tsaya a kai. Darakta da mawallafin kiɗa sukan zauna a ɗaki ɗaya da piyano, gabansu wata takarda da aka raba gida-gida, kowane gida yana wakiltar sashe ɗaya na kiɗan. A ciki ake rubuta cewa a nan ɓera zai ɗaga ƙafa, a nan zai juya, a nan tukunya za ta faɗo. Daga wannan ake fitar da wata doguwar takarda ga mai zane, wadda kowane layinta hoto ɗaya ne. A ce bugun hoto 12 ne, to ƙafar mai tafiya dole ta taɓa ƙasa a layi na 1, na 13, na 25, haka har ƙarshe. Abin da ke tsakanin waɗannan layukan kuwa nasa ne, kuma a nan ake bambance gwani da ɗan koyo. Hotuna goma sha ɗayan da ke tsakani za su iya ba ka tafiyar mai taƙama, ko ta ɓarawo mai sanɗa, ko ta wanda ya sha ya bugu, alhali ƙafar duka ukun a layi ɗaya take sauka.

Ɗauki dukan guduma. Sautin a hoto guda tak zai faɗo, amma ido ba zai yarda da dukan ba sai ya ga an ɗaga gudumar, an ja jiki baya, an ɗan tsaya, sannan an sauke. Saboda haka daga ƙarshe mai zane yake farawa. Zai sa alama a layin da ƙarar za ta tashi, ya ƙirgo baya: hoto biyu ko uku na saukowa, don saukowa da sauri take, huɗu na tsayawa a sama, shida na ɗagawa. In ya tara zane-zane kusa da juna motsin ya yi sanyi, in ya warwatsa su ya yi zafi. Masu sana'ar sun ma lura cewa sau da yawa in hoto ya riga sautinsa da ɗan ƙiris, hoto ɗaya ko biyu, ya fi zama daidai a idon mai kallo fiye da in sun faɗo tare cif. Ba a littafi suka samo wannan ba, a ɗakin gwaji suka gano shi, suna kallo suna sakewa.

Yawan aikin kuma ba na wasa ba ne. Fim mai minti bakwai hoto 10,080 ne. Ko da an yi tsimi, aka bar kowane zane ya zauna hoto biyu, dubban zane ake magana. Babban mai zane yakan yi muhimman tsayuwa a kan tebur mai fitila a ƙasa, yana ɗaga takardu da yatsunsa yana sakewa don ya ga motsin, mataimaka su cike tsakani. Daga nan a miƙa wa sashen tawada da fenti, wanda kusan duka mata ne, su kwafe kowane zane a kan falle na roba mai garai-garai, tawada a gaba, fenti a baya. Sai a ɗora fallen a kan hoton bango, kyamara ta ɗauka, a cire, a ɗora na gaba. In an gama a wanke fallayen a sake amfani da su, kuma da wannan wankin ne Chuck Jones, wanda daga baya ya zama ɗaya daga manyan daraktocin katun, ya fara cin abinci a sana'ar. Albashin na ƙasa bai taka kara ya karya ba, shi ya jawo yajin aiki a kamfanin Fleischer a 1937, da na Disney a 1941.

Kiɗa ya kuma rufa musu asiri ta wata fuskar. Tun da kiɗa maimaita kansa yake yi, rawa ma za ta iya maimaita kanta. Zane goma sha biyu ko ashirin da huɗu, in ƙarshensu ya koma ya haɗu da farkonsu, za a iya juya su sau takwas ba wanda zai yi ƙorafi, domin kunne ya riga ya shirya wa ido cewa abin zai dawo.

Stalling ya bar Kansas ya koma wurin Disney, nan da nan suka fara saɓani. Shi yana so a bar kiɗa ya tafi yadda aka gina shi, zane ya bi. Walt yana so abin dariya ya ɗauki lokacin da yake buƙata, kiɗa ya lanƙwasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya san wannan gardamar: wani lokaci mai kalangu ne ke kallon ƙafar mai rawa yana bin ta, wani lokaci kuma mai rawa ne ke sauraron kalangu yana ba shi abin da ya nema. Sulhun da suka yi shi ne a raba gida biyu. A finafinan Mickey kiɗa zai bi motsi. Sannan a buɗe wani sabon jeri inda kiɗa ne uban tafiya, shi ne Silly Symphonies, kuma rawar ƙwarangwal ce ta buɗe shi, shawarar Stalling ce ma. Jerin ya kai finafinai 75 daga 1929 zuwa 1939. A wannan zamanin ne kuma aka fara sa wa makaɗa abin ji a kunne yana ba su ƙas-ƙas ɗin bugu yayin ɗaukar sauti, dabarar da ake danganta ta da Stalling, wadda har gobe da ita ake aiki a ɗakunan ɗaukar waƙa.

In ana neman inda wannan ilimi ya nuna, sai a kalli The Band Concert na 1935, fim ɗin Mickey na farko mai cikakken launi a jerinsa, wanda Jackson ɗin nan mai metironom ya ba da umarni. Mickey ne shugaban 'yan badujala a wani lambu, sanye da jar kwat da ta fi ƙarfinsa, hannayenta na zubowa suna rufe masa sanda. Suna kaɗa mabuɗin William Tell na Rossini, mawallafin Italiya. Sai ga Donald, agwagwa mai talla, ya zaro sarewa ya shigo da wata waƙar ƙauye, makaɗan suka bi shi ba su sani ba. Mickey ya karya sarewar, Donald ya zaro wata, ya karya, ya zaro wata. Abin burgewar shi ne waƙoƙin biyu an ɗinke su ta yadda kunne ba ya jin wurin ɗinkin. Sannan ƙudan zuma ya shigo, duk hannun da Mickey ya kai masa sai makaɗa su ɗauka umarni ne su kaɗa shi. Da aka iso sashen da Rossini ya rubuta don kwaikwayon hadari, sai guguwa ta gaske ta taso ta kwashe su duka, da kujeru da katakon dandamali, suna juyi a sama, kowa da abin busarsa, ba wanda ya saki bugu ko ɗaya. Mutum zai yi dariya ko bai san Rossini ba. Wanda ya san kiɗan kuwa dariyarsa biyu ce, don yana ganin yadda aka gina barkwancin a cikin ramukan da ke jikinsa.

Duk da haka, in za a tambaye ni, zuciyata tana wurin 'yan Fleischer. Disney a Kalifoniya yake, finafinansa na da tsabta da tarbiyya. Su kuwa a tsakiyar New York suke, kusa da gidajen rawa da makaɗan jaz, kuma abin ya shiga jinin aikinsu. A finafinansu ba wanda ke tsayawa cak: mutum, fitilar titi, gini, kowa na ɗan lilo a kan bugu ko da ba abin da yake yi. Max Fleischer ya mallaki wata na'ura da ya nemi rajistarta a 1915, wadda ke haska hoton mutum na gaske a ƙarƙashin takarda, hoto bayan hoto, mai zane yana bi yana kwafe motsin. Da ita suka kama rawar Cab Calloway, mawaƙin jaz baƙar fata mai wata irin tafiya ta sulɓi, kamar ƙasa ce ke zamewa a ƙarƙashinsa. A Minnie the Moocher na 1932, tauraruwarsu Betty Boop ta yi fushi da iyayenta ta gudu daga gida, ta faɗa wani kogo, sai ga fatalwar wata dabbar teku mai haure biyu tana waƙa da muryar Calloway, tana taka rawarsa sak. A Snow-White na 1933, wanda Roland Crandall ya zana kusan shi kaɗai cikin wata shida, an mai da Koko ɗan barkwanci fatalwa mai dogayen ƙafafu, jikinsa na rikiɗa yana zama duk abin da waƙar ta ambata, yanzu kwalba, an jima sarƙa da tsabar zinariya, amma tafiyar ta Calloway ce ba ta canza ba. Akwai duhu da ban tsoro a waɗannan finafinai wanda Disney ba zai taɓa yarda da shi ba. Ba don yara aka yi su ba, manya ne ke cika sinima. Da aka tsaurara dokar tace finafinai a 1934, aka tsawaita wa Betty riga, aka rage mata rawar kai, armashin ya ragu.

Wannan kusanci da kiɗan baƙar fata yana da fuska ta biyu, mai muni. Katun ɗin farko ya gaji abubuwa da yawa daga wasan dandamalin da Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata don a yi dariya, kuma masana da dama na ganin har farin safar hannun da taurarin katun ke sawa daga can ta samo asali. A 1932 'yan Fleischer suka gayyato Louis Armstrong, makaɗin jaz baƙar fata, suka yi amfani da kiɗansa, sannan suka haɗa fuskarsa da zanen wani ɗan Afirka mai cin naman mutane yana bin mutane a daji. Ɗan Afirka ba zai kalli wannan ransa bai sosu ba, kuma kyan kiɗan ba ya wanke shi. A 1968 kamfanin United Artists ya janye finafinan Warner goma sha ɗaya daga talabijin saboda irin wannan zane.

Su Warner tun farko ciniki ne ya kawo su. Kamfanin ya sayi manyan gidajen buga waƙoƙi, yana neman hanyar tallata hajarsa. Jerin Looney Tunes ya fara a 1930 da Hugh Harman da Rudolf Ising, tsofaffin yaran Disney, Merrie Melodies ya biyo a 1931, da sharaɗin kowane fim ya ɗauki amshin wata waƙar kamfanin cikakke. Daraktoci sun tsani sharaɗin don yana tsayar da labari. Amma da Stalling ya iso a 1936, sai rumbun waƙoƙin nan ya zama masa taska. Shekara 22 ya yi a can, yana fitar da kiɗan kusan fim ɗaya a kowane mako, sama da 600 jimilla. Salonsa na tsinte ne: daƙiƙa huɗu na wannan waƙa, biyu na waccan, gudu, tsayawa cak, faɗuwa, duk a cikin numfashi ɗaya, kuma babbar ƙungiyar makaɗan kamfanin ce ke kaɗawa.

A ɓangaren Disney kuma Silly Symphonies ya zama wurin gwaji. Flowers and Trees na 1932 shi ne ya fara fita da sabon tsarin Technicolor mai cikakken launi, ya kuma ci kyautar Oscar ta farko da aka ware wa katun. Three Little Pigs na 1933 ya nuna cewa aladu uku masu kama ɗaya za a iya bambance halinsu ta yadda kowanne ke motsi, waƙar Frank Churchill da ke ciki kuma ta bazu a Amurka a tsakiyar matsin tattalin arziki. The Old Mill na 1937 ya gwada kyamara mai hawa-hawa, wadda ke jera zane a kan gilasai masu tazara don a sami zurfi. Kimanin wata ɗaya da rabi bayansa aka fito da Snow White and the Seven Dwarfs, dogon fim ɗin kamfanin na farko.

Mafi yawanmu ta hannun Tom da Jerry muka shigo wannan duniyar. William Hanna da Joseph Barbera suka fara su a kamfanin MGM a 1940, Scott Bradley na rubuta kiɗan, kuma Hanna ne mai riƙe da ƙirgar. A The Cat Concerto, wanda ya ci Oscar a 1947, Tom ya fito da kwat ɗin manyan makaɗa zai kaɗa wani sanannen kiɗan Franz Liszt, ashe Jerry na barci a kan gudumomin cikin piyanon. Faɗan da ya biyo baya duka a cikin kiɗan aka yi shi, kowane mari da kowane cizo yana da gurbinsa, har Jerry ya riƙa maimaita ƙarshen yana ƙara wuta, Tom ya faɗi a galabaice, ɓera ya karɓi tafi. Friz Freleng na Warner ya yi irinsa da zomon nan Bugs Bunny da kiɗan Liszt ɗin dai a kusan lokaci guda, kamfanonin biyu suka yi ta zargin juna da sata. Abin da ya sa yaro a Kano ko Maraɗi zai zauna gaban wannan fim ya ƙyalƙyale da dariya ba tare da ya san Turanci ko Liszt ba shi ne babu abin da za a fassara masa. Bugu ne ke ba da labarin.

Abin da ya kashe sana'ar kuɗi ne. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta hana manyan kamfanoni tilasta wa gidajen sinima sayen finafinai a dunƙule, gajeren katun ya rasa kasuwar da ke ɗauke da shi. Talabijin ta zo tana neman awoyi masu yawa da kuɗi kaɗan. MGM ta rufe sashen katun ɗinta a 1957, Hanna da Barbera suka koma talabijin, inda jiki ke tsayawa baki kaɗai ke motsi, surutu ya maye gurbin rawa.

Wasu sun ɗauki ilimin sun bi da shi wata hanya. A Kanada, Norman McLaren da Evelyn Lambart suka yi Begone Dull Care a 1949, suna fenti da karce a jikin zaren fim ɗin kansa, ba kyamara, launuka na tsalle a kan piyanon Oscar Peterson. A wurin McLaren ɗin ne Moustapha Alassane na Nijar ya ƙaro sani, mutumin da ya yi Bon Voyage Sim a 1966, labarin kwaɗon da ke shugabancin ƙasar kwaɗi, ya kuma yi shekaru masu yawa yana aiki a Tawa. 'Yar ƙwallon Fleischer ta rayu a bidiyon waƙoƙin yara da na masu rera waƙa a kan allo. Steamboat Willie ya fita daga mallakar kamfani a Amurka ranar 1 ga Janairu, 2024, bayan shekara 95.

A 2017 wasu 'yan'uwa biyu 'yan Kanada, Chad da Jared Moldenhauer, suka fitar da wasan kwamfuta mai suna Cuphead, wanda suka so ya yi kama da finafinan Fleischer na shekarun 1930. Da fensir aka zana motsin a kan takarda, falle bayan falle, aka bi da tawada, aka yi hotunan bango da fentin ruwa, aka kuma tara makaɗan jaz na gaske suka kaɗa abin da Kristofer Maddigan ya rubuta. Aikin ya ci shekaru fiye da yadda suka tsara, sai da suka bar ayyukansu suka jinginar da gidajensu kafin su kai shi ƙarshe.